Albashin da Zai Riƙe Gida: Michael Imoudu da Aikin Kare Ma'aikata a Nijeriya

Kare haƙƙin ma'aikata aiki ne da mutum kan shafe rayuwarsa a cikinsa, kamar yadda wani kan shafe tasa a koyarwa ko alƙalanci. Mai wannan aiki shi ke tara ma'aikata su zama ƙungiya, ya karɓi kokensu, ya zauna da masu ɗaukar aiki a kan albashi da lokutan aiki da diyyar rauni da fansho. Idan zama ya ci tura ya kira yajin aiki, idan dama ta samu ya matsa wa majalisa ta mayar da abin da aka samu doka. A Nijeriya, tun farkonsa, aikin bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar ma'aikata ba. Mai albashi ɗaya yakan ɗauki nauyin mata da 'ya'ya da iyaye da ƙannen da ke makaranta, saboda haka duk gardamar da aka yi a kan albashi gardama ce a kan cefane da kuɗin haya da kuɗin magani na gida sukutum. Rayuwar Michael Imoudu, wanda ake yi wa laƙabi da shugaban ƙwadago na ɗaya, tana nuna yadda aikin ya faro, da abin da ya samar, da inda ya kasa kaiwa.

An haifi Imoudu a 1902 a ƙasar Ora, cikin jihar Edo ta yanzu. Mahaifinsa soja ne a rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma. Karatunsa bai wuce firamare ba, shi ma sai da ya zama saurayi ya kammala shi. A ƙarshen shekarun 1920 ya isa Legas, ya shiga reluwe a matsayin lebura, daga bisani ya koyi aikin yanka ƙarfe da gyara shi a kan inji a babban garejin jiragen ƙasa da ke Ebute Metta. A wancan zamani babu ma'aikatar da ta kai reluwe yawan ma'aikata. Dogo ya iso Kano tun 1911, daga baya layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da shi a Kaduna, kuma gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos da kwal ɗin Inugu duk a kansa suke tafiya. Duk wanda ya iya tsayar da jirgi ya tsayar da kuɗin shigar gwamnati, kuma ma'aikatan reluwe ba su daɗe ba suka gane haka.

Halin da suke ciki ya isa ya sa su gane. An kasa ma'aikata hawa-hawa: Turawa a sama da albashinsu da alawus iri-iri, akawuna a tsakiya, masu aikin hannu a ƙasa. Da yawa daga cikin masu aikin hannun nan ladan yini ake biyan su, ko da sun shekara goma a gaban inji ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum babu ko kwabo, ranar da ƙarfinsa ya ƙare babu fansho, sai dai ya tattara iyalinsa ya koma ƙauye. A 1938 gwamnati ta yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago, ta fara aiki a 1939, kuma ta yarda mutum biyar kacal su kafa ƙungiya su yi mata rajista. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta fara rajista a 1940, Imoudu yana shugabanta. Sharaɗin mutum biyar ɗin nan ya sauƙaƙa farawa, amma shi ne ya haifar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi marasa ƙarfi da suka zame wa tafiyar alaƙaƙai shekara da shekaru.

Gwajin farko ya zo a 1941, lokacin da hukumar reluwe ta koma lissafa lada da awa, ma'aikata suka ga abin da ke shiga aljihunsu ya ragu. Da suka yi ƙorafi sai aka rufe musu ƙofar gareji. Imoudu ya ja dubbansu da ƙafa daga Ebute Metta har gidan gwamna da ke bakin ruwa a tsibirin Legas, Gwamna Bernard Bourdillon kuma ya sa aka janye tsarin. Daga ranar sunan Imoudu ya fita daga gareji ya shiga gari.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da maganar albashi maganar kowane gida. Kayan da ake shigowa da su suka yi ƙaranci, gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada, abincin gida ma ya bi sahu. Gwamnati ta ƙayyade farashin abinci a Legas a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Pullen, matan kasuwa bisa jagorancin Alimotu Pelewura suka yi ta ja da tsarin, kaya kuma suka koma cinikin bayan fage. A Arewa, tsakanin 1942 da 1944, an riƙa kwasar talakawa daga larduna ana kai su aikin tilas a ramukan kuza na Jos, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Waɗannan ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu, kuma da yawa sanyi da cuta sun kashe su a can. Ma'aikatan gwamnati masu ƙungiya su ne suka iya matsa lamba har aka ba su alawus ɗin tsadar rayuwa a 1942, wanda aka fi sani da COLA. Gwamnati ba ta yafe wa Imoudu rawar da ya taka ba. A farkon 1943 aka kore shi daga aiki, aka tsare shi a Benin a ƙarƙashin dokar yaƙi, sannan aka killace shi a Auchi, sai a watan Mayun 1945 aka sake shi.

Ya dawo Legas a farkon watan Yuni, jama'a suka ɗora shi a kan farin doki suka zaga da shi gari. Ya tarar ƙungiyoyi sun riga sun miƙa buƙatunsu: a ƙara kashi 50 cikin 100 a kan alawus ɗin tsadar rayuwa, kuma kada ladan lebura ya gaza sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta amsa cewa ƙarin kuɗi tsadar kaya kawai zai ƙara, don haka a yi haƙuri. Wasu shugabannin ƙwadago, ciki har da T. A. Bankole, sun so a ɗage yajin aikin har a cika sharuɗɗan doka. Imoudu ya kafe cewa wa'adi ya cika, taron ma'aikata kuma ya bi shi. Da tsakar daren 21 ga Yuni 1945 jirage suka yi ta kuka a Legas, alamar aiki ya tsaya. Ma'aikata fiye da 30,000 ne suka ajiye kayan aiki, na reluwe da na tashar jiragen ruwa da na gidan waya da na ma'aikatar ayyuka da na maɗaba'ar gwamnati. Yajin ya bi dogo ya hau Arewa, ya kuma ɗauki fiye da mako shida. Gwamnati ta rufe jaridun Nnamdi Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, saboda goyon bayan da suka ba masu yajin.

Mutumin da ke cin ladan yini ba ya iya zaman mako shida babu biya sai da mai riƙe shi. Matan kasuwa sun rage wa masu yaji farashi, sun ba su garin rogo da manja bashi, sun zuba kuɗi a asusun tallafi. Masu gidajen haya da dama sun ɗaga wa 'yan hayarsu ƙafa. Matan ma'aikata, waɗanda yawancinsu suna da sana'ar kansu, su suka riƙe tukunya har aka koma aiki. Ƙwarewar Imoudu ta kasance a nan: ya san yajin aiki ba ya ɗorewa idan gari bai ɗauke shi a matsayin nasa ba, kuma ya iya magana da yaren da lebura da mai tallan abinci za su ji cewa da su ake.

Bayan an koma aiki a watan Agusta aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Tudor Davies, wanda a 1946 ya ba ma'aikata gaskiya a kan ƙarin kashi 50 ɗin. Sai dai akwai wata gardama da ta fi ƙarin kuɗin tasiri, ko da yake ba a cika tuna ta ba. Jami'an Turawa suna karɓar alawus domin iyalansu. Ƙungiyoyi suka ce su ma magidanta ne, a ba su alawus ɗin 'ya'ya, ko kuma a lissafa albashi yadda zai ciyar da gida. Hujjar hukuma ita ce iyalin ɗan Afirka ba da albashi suka dogara ba: matarsa tana sana'a, danginsa suna noma, ga kuma auren mace fiye da ɗaya da zai sa adadin 'ya'yan da za a biya wa ya ƙi lissafuwa. Ba a ba da alawus ɗin ba. Hujja ce marar adalci, domin ma'anarta ita ce ƙauye da matan kasuwa su ci gaba da ɗaukar ɗawainiyar rainon ma'aikaci da jinyarsa da tsufansa, gwamnati kuma ta kwashi shekarun ƙarfinsa a araha. Ita ma hujjar ƙungiyoyin tana da giɓi. Sun yi magana kamar namiji shi kaɗai ke ɗauke da gida, alhali matan da suka ciyar da yajin da ribar cinikinsu babu wata buƙata tasu da ta shiga takardar koke.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka gardamar ta ƙare daban. Ma'aikatan reluwe na can sun yi yajin aiki na wata biyar, daga Oktoban 1947 zuwa Maris ɗin 1948, suna neman a haɗa su da Turawa a tsarin aiki ɗaya. A 1950 dokar Lamine Guèye ta daidaita alawus ɗin ma'aikatan gwamnati 'yan Afirka da na Faransawa, a 1952 aka yi babbar dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa, a 1956 kuma aka faɗaɗa alawus ɗin iyali zuwa ma'aikatan kamfanoni. A Nijar, Djibo Bakary ya yi suna a harkar ƙwadago kafin ya jagoranci jam'iyyar Sawaba. Wannan tarihi ne ya sa har yau hukumar CNSS ta Nijar take biyan alawus ɗin 'ya'ya ga ma'aikatan da ke da rajista, ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba, alhali dokokin Nijeriya ba su tanadi irinsa ba. Ma'aikacin Maraɗi da na Katsina harshensu ɗaya, nauyin gidansu iri ɗaya, amma dokar ɗaya ta ambaci 'ya'yansa, ta ɗayan ba ta ambata ba.

Shekara huɗu bayan babban yajin 1945 aka ga haɗarin aikin ƙarara. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan mahaƙan kwal a Iva Valley da ke Inugu, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Kisan ya haɗa kan 'yan siyasa da 'yan ƙwadago na ɗan lokaci, daga nan sai rarrabuwa. An yi ta rigima a kan ko ya dace ƙungiya ta jingina da jam'iyya, da kuma wace tarayyar ƙwadago ta duniya za a bi, mai karkata Gabas ko mai karkata Yamma, a zamanin yaƙin cacar baka. Imoudu bai taɓa raba ƙwadago da siyasa ba. Tun 1946 ya bi tawagar jam'iyyar NCNC da ta zaga ƙasa tana adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards, tafiyar da shugaban jam'iyyar, Herbert Macaulay, ya kamu da ciwon ajali a Kano. Imoudu yana ɓangaren masu ra'ayin gurguzu, ya shugabanci tarayya fiye da ɗaya, kuma yana da nasa kason na laifin rarrabuwar. Ya fi ƙwarewa a filin taro a kan gina ofis mai ɗorewa.

Samun 'yancin kai a 1960 bai sauya lissafin gida ba. Manyan 'yan ƙasa suka gaji gidaje da motoci da alawus ɗin Turawa, lebura yana nan a kan ladansa. A 1963 ƙungiyoyin da ba sa ga-maciji suka haɗu a kwamiti ɗaya, suka tilasta wa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kafa kwamitin Mai Shari'a Adeyinka Morgan. Abin da ya bambanta wannan kwamiti shi ne ya zauna ya lissafa abin da ma'aikaci mai iyali ke buƙata a wata, tun daga abinci da haya har sutura da kuɗin mota. Ya gano adadin ya zarce abin da ake biya nesa ba kusa ba, ya ba da shawarar fam 12 a wata a Legas, da ƙasa da haka a sauran shiyyoyi, karkarar Arewa tana can ƙasa. Gwamnati ta yi jinkirin fitar da rahoton, da ta fitar kuma ta zaftare adadin. A watan Yunin 1964 dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga yajin aiki na kusan mako biyu, Imoudu da Wahab Goodluck da H. P. Adebola suna gaba, aka daidaita a kan fam 10 a Legas. Tun daga lokacin, lissafin kuɗin da gida ke ci a wata ya zama makamin da kowane wakilin ma'aikata ke zuwa da shi teburin sulhu.

Shekara goma bayan haka aka ga iyakar wannan makami. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi mai tsoka, gwamnatin Yakubu Gowon ta biya tare da ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975, lokacin da kuɗin mai ke kwarara. Waɗanda suka ga zamanin suna tuna yadda aka yi ta sayen rediyo da babur da firji, da yadda farashi ya tashi tun kafin kuɗin su iso hannun wasu. Manomi da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su karɓi ko sisi ba, su ma sun biya sabon farashin.

Gwamnatin soja ce ta sauya fasalin aikin baki ɗaya. Bayan binciken kwamitin Adebiyi, a 1977 wata dokar soja ta haramta wa shugabanni 11 shiga harkar ƙwadago, Imoudu yana cikinsu. A 1978 aka narkar da ƙungiyoyi kusan dubu zuwa 42 bisa nau'in sana'a, aka kafa NLC a matsayin uwar ƙungiya ɗaya tilo, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko, aka kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Kafin wannan, sakataren ƙungiya yakan tsaya a bakin ƙofa ranar biya yana roƙon mambobi su ba da nasu. Bayansa, ƙungiyoyi suka samu kuɗin ɗaukar cikakkun ma'aikata, da lauyoyi, da masu bincike. Aikin ya zama sana'a mai albashi da matakan girma, ya kuma ƙara kusa da gwamnatin da ta tsara shi.

Da aka rufe masa ƙofar ƙwadago yana ɗan shekara 75, Imoudu ya nufi siyasa, ya zama mataimakin Malam Aminu Kano a jam'iyyar PRP. Haɗuwar tana da ma'ana, domin Malam ya shafe rayuwarsa yana magana a kan talakan da ba shi da albashi, wanda haraji da jangali ke cinye ɗan abin da ya tara, kuma gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna sun soke su a 1979. Da jam'iyyar ta dare gida biyu a 1980, Imoudu ne ya shugabanci ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa, wanda Kanawa suka kira santsi, na Malam kuma taɓo. Gwamnatin Rimi ta ayyana 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Imoudu ya rasu ranar 22 ga Yuni 2005 yana da shekara 102, kuma cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin tana ɗauke da sunansa.

A yau ana shiga aikin ta hanya biyu. Wani daga bakin aiki yake tasowa: abokan aikinsa su zaɓe shi wakilin sashe, ya hau zuwa reshe, zuwa jiha, zuwa ƙasa. Adams Oshiomhole daga masaƙar Kaduna ya taso har ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, Ayuba Wabba kuma daga ma'aikatan lafiya ya fito, ya riƙe NLC daga 2015 zuwa 2023, ya kuma zama shugaban tarayyar ƙwadago ta duniya ITUC a 2018. Wani kuwa ɗaukar sa ake yi saboda iliminsa na shari'a ko tattalin arziki ko lissafin fansho. Akwai kuma jami'an ma'aikatar ƙwadago masu duba masana'antu, da lauyoyin da ke tsayawa a kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 aka kuma ɗaga darajarta a gyaran tsarin mulki na 2010.

Yajin aiki shi jama'a ke gani, amma ƙaramin ɓangare ne na aikin. Mafi yawansa bin fayil ne. Idan ma'aikaci ya rasu, matarsa tana buƙatar takardar shaidar mutuwa, da takardar kotu mai tabbatar da magada, da wasiƙar ɗaukar sa aiki, da takardar albashinsa na ƙarshe, kafin a fara maganar haƙƙinsa. Sau da yawa ba ta taɓa shiga ofishin ba, tana cikin takaba, mai gida kuma yana tambayar kuɗin haya. Jami'in ƙungiya nagari shi ke ɗaukar takardun daga tebur zuwa tebur, ya koma bayan mako biyu ya ji inda suka maƙale, ya rubuta wasiƙar tuni, har kuɗi su fito. Wannan ba ya shiga jarida, kuma a nan ake bambance mai kishin aikin da wanda ya zo neman muƙami. Haɗarin ma bai gushe ba. Gwamnatocin soja sun rushe shugabancin NLC a 1988, zamanin Ali Chiroma, da kuma 1994, kuma Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan mai ya shafe kusan shekara huɗu a kurkukun Bama. Akwai kuma jarabar kusantar masu mulki, wadda ta sa mambobi da yawa suke zargin shugabanninsu duk lokacin da aka janye yaji ba tare da an ga abin da aka samu ba.

Babban abin da magadan Imoudu suka samar shi ne dokar mafi ƙarancin albashi. Bayan yajin aikin Mayun 1981, inda NLC ta nemi naira 300, majalisa ta tsayar da naira 125 a wata. Adadin ya koma 5,500 a 2000, ya kai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, sai 70,000 a watan Yulin 2024, bayan cire tallafin mai a 2023 ya ɗaga farashin komai. Lambobin suna hawa, abin da suke saye yana sauka. Naira 125 ta 1981 ta kai kusan dalar Amurka 200, naira 70,000 kuwa a lokacin da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba, kuma a wancan lokaci a kasuwanni da yawa ba ta sayen buhun shinkafa ɗaya. Dokar ba ta shafi wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ga jihohin da kan yi jinkirin aiwatarwa, ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da sukan zama na ƙarshen samu. Rage wa'adin sake duba albashin zuwa shekara uku, wanda aka yi a 2024, ya fi muhimmanci a kan yadda aka ɗauke shi, domin tazarar da ke tsakanin ƙari da ƙari ita ce lokacin da tsada ke cinye albashi.

Sauran kariyar iyali tana warwatse a dokoki dabam-dabam. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya ƙara kashi 10, a asusu mai sunan ma'aikacin. Dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki biyan kashi 1 na jimlar albashi ga hukumar NSITF domin wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi, wasu jihohi kamar Legas da Kaduna kuma sun kai hutun ma'aikatansu mata wata shida. Abin da babu shi ne tallafi ga wanda ya rasa aiki. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000, dubban gidaje sun wayi gari babu albashi, da yawa kuma sun shekara da shekaru suna jiran garatuti.

Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan mutumin da ke da takardar ɗaukar aiki da albashin ƙarshen wata. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da ko ɗaya: ɗan dako a Dawanau, mai ƙwadago a gonar wani, ɗan ga-ruwa, tela, direban adaidaita sahu, 'yar aikatau a gidan masu hali. Babu wanda zai cire musu kashi 8, babu wanda za su yi wa yaji, kuma kariyarsu ita ce adashi da dangi da ƙungiyar kasuwa. An fara taɓa matsalar. A 2010 aka kafa tarayyar FIWON domin haɗa ƙungiyoyin masu sana'ar kansu, a 2019 hukumar fansho ta buɗe ƙaramin tsarin da ke barin mutum ya zuba abin da ya samu kullum ko mako-mako, ya kuma iya cire wani kaso idan buƙata ta taso, a 2022 kuma sabuwar dokar inshorar lafiya ta wajabta shiga ga kowa tare da tanadin asusu domin marasa galihu. Waɗanda suka shiga har yanzu kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'ar. Mai samun yau da ƙyar ba ya saurin miƙa kuɗinsa ga hukumar da bai sani ba, musamman idan yana ganin tsofaffin ma'aikata a layin tantancewa. Saboda haka masu wannan ɓangare na aikin sun fi zama da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tasha da ƙungiyoyin mata masu adashi, suna neman hanyar karɓar gudummawa ta hannun waɗanda jama'a suka riga suka amince da su, suna kuma matsa wa jihohi su zuba nasu kason a madadin mai ɗaukar aikin da babu shi.